Fuskar Inna ta tsaya cak a ordinatar

Hajiya Mas'uda, don Allah ki taimake ni, hankalina ba ya jikina. Maigidana Munkaila ya tafi ci-rani Kano, ya bar mini ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta. A ciki akwai bidiyon mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da aka ɗauka ranar sunan ɗana. Wayar da aka ɗauka da ita an sace ta tuni, muryar Inna ba ta ko'ina sai nan.

Shekaranjiya ina kallo sai hoton ya tsaya cak, Inna ta buɗe baki za ta yi magana. Na danna ko'ina, shiru. Tun daga nan ban yarda ordinatar ɗin ta mutu ba. Da kuran, wato lantarki, ya ɗauke sai in ruga da ita a buɗe zuwa gidan maƙwabta masu sola, kamar mai ɗauke da kwanon miya. Ta yi zafi har tana huci. Ƙanin mijina, Shekara, ya ce in fizge batirin kowa ya huta. Surukata ta ce in lulluɓe ta da zane, bai dace a bar mamaciya haka ba. Yara ma sun daina shiga ɗakin. Ni tsorona ɗaya ne, in kashe, in kunna, in tarar babu Inna.

Mai fargaba, Matameye

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Bidiyon ba a jikin gilashin yake ba, yana ajiye can ciki, kashewa kuma ba gogewa ba ce. Zafin nan ya fi ba ni tsoro. Shekara ya yi gaskiya cewa sai an kashe, amma fizge batiri ganganci ne. Surukarki tausayi ne ya sa ta, sai dai zane zafi zai ƙara.

Ki danna maɓallan Ctrl, Alt da Suppr (wato Delete) tare. In ta amsa, ki zaɓi kashewa. In ta ƙi, ɗora yatsa kan maɓallin kunnawa, ki riƙe har gilashin ya yi baƙi. Bar ta ta huce sarai kafin ki kunna, in tana nawa wajen tashi kada ki katse ta. Da ta tashi, kwafe bidiyon a kile, wato filas, da kuma wayarki. In ta ƙi tashi, kai wa mai gyara, ki ja masa kunne kada ya goge komai.

Lokacin da fuskar za ta ɗauke shi ne zai yi miki wuya, ki kira 'yar'uwarki ta zauna kusa da ke. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ki ji ƙarshen maganar da ta fara.