Wadda Ake Musu da Ita

Litinin, 1 ga Yuli

Yau ma Tahira. Na kai wa Yaya Najib koko gindin darbejiya, inda ya kafa teburinsa don nan kaɗai sabis ke kamawa a gidan nan, na tarar muryarta daga waya ta cika tsakar gida. Abokiyar aikinsa ce, tana Kano. "Najib, ba ka gane ba," haka take ce wa mijina, gatsau, ba Malam ba Yaya. Ya yi mini nuni da hannu in ajiye. Kokon ya huce har ƙuda ya faɗa.

Laraba, 3 ga Yuli

Na daure na tambaye shi me suke ta jayayya a kai. Ya ɗauki kara ya zana mini a ƙasa. Kamfaninsu na tara bayanan cinikin dabbobi, daga nan har Shanono da Bagwai da gaba. Kowane mutum ɗigo ne, kowace dabba ɗigo, kowane ciniki zare ne da ya haɗa su. In cuta ta ɓulla, likitocin dabbobi za su bi zaren baya su ga inda ta fito. To zaren ya yi yawa, kwamfuta na daɗewa tana lalube, sai an yi mata fihirisa mai jera komai bisa lokaci. Shi yana so a jera bisa lokacin da labarin ciniki ya shigo rumbun kwamfutar. Ita tana so a jera bisa ranar da aka yi cinikin.

Na ce, "Ai kai ke da gaskiya." Ya yi murmushi ya ce Allah ya yi mini albarka, ya koma kan kwamfutarsa. Na share zanen da tsintsiya, da ƙarfi.

Asabar, 6 ga Yuli

Ya yi dariya da ita har da buga cinya. Ban san yana da irin wannan dariyar ba.

Talata, 9 ga Yuli

A littafin da nake bi a gurup a waya, in jaruma ta yi kwalliya ta gifta, miji kan manta abin da yake faɗa. Na sa atamfata shuɗiya, na turara jiki, na gifta. Ya ɗago ya ce, "Humaira, suna ake a wani gida?"

Inna Larai, mahaifiyarsa, ta gani daga bakin turmi. Ta ce, "'Yar nan, mace a waya ai murya ce kawai, ba ta daka ba ta tankaɗe." Ba aure nake tsoro ba, Tahira tana da mijinta, har kukan jaririnta nakan jiyo. Abin da ke cina daban ne, kuma da kunya. Da ita yake musu. Yakan tashi tsaye, jijiyar wuyansa ta fito, ya ce "Saurara, Tahira!" Ni kuwa kome na faɗa sai "to". Kamar kaza ce ta yi magana.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ruwa tun safe, sabis ya ɗauke. Da ya dawo, fejin littafin suka zubo a hargitse. Na sha kuka an binne mahaifin jaruma, feji na gaba sai ga shi zaune yana cin dambu. Sai da na bi lamba na jera su kafin labarin ya dawo hayyacinsa.

Ina cikin haka sai aikin Yaya ya faɗo mini a rai. Masu rubuta cinikin nan a ƙauyuka suke, sabis ɗinsu ya fi namu lalacewa. Cinikin jiya zai iya riga na makon jiya isowa. Abin da Tahira take ta faɗa masa ke nan.

Da ma wata ce ta faɗa, ba ita ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ran Juma'a shugabansu zai yanke hukunci tsakanin nasa da nata. Yaya ko gonar gero bai leƙa ba, ciyawa ta fara rufe kunya. Ina tsinkar zogale na ji ta tana cewa, "Saniyar da aka sayar a kasuwar Bici, labarinta ya makara, a ina likita zai same ta?" Sai na kama kaina ina gyaɗa kai. Na juya wa darbejiyar baya.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ban shirya ba. Bayan la'asar yana cin ɗanwake, ya ce, "Ki yi mini addu'a gobe, tunda ke kin ce ni ke da gaskiya." Sai na ji bakina ya ce, "Na canza."

Ya ajiye cokali. Na ba shi labarin mamacin da ya tashi cin dambu. Na zaci "to" zai ce. Ina! Ya ce fejina nawa, ai ko buhu ba za su cika ba, nasu kuwa rumbu ne. Sabo in za a ɗora shi a kan tari ba wahala, amma cusa wanda ya makara a tsakiya kullum, sai an ɗaga na sama, injin zai yi nauyi. Na ce to a ji nauyin mana, da a nuna wa likita saniya ta mutu kafin a sayar da ita. Ya ce ranar da mutum ya rubuta da hannunsa yakan yi kuskure, agogon rumbu ba ya kuskure. Ni dai ban yarda ba.

Ya tashi tsaye. Jijiyar ta fito. "Saurara, Humaira!"

Inna ta leƙo ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, Inna. Wake na kan wuta ya kama.

Juma'a, 19 ga Yuli

Wai duka biyun za su riƙe: nata na binciken likitoci, nasa na duba abin da ya shigo. Zai ci wuri, shugaban ya yi ƙorafi amma ya amince. Yaya ya shigo yana ƙunƙuni, "Ke da ƙawarki kun ja mana aiki."

Ba ƙawata ba ce.

Asabar, 20 ga Yuli

Da safe ya sake tayar da zancen kuskuren rana, ya ce har yanzu ban ba shi amsa ba. Na ce ina tunani. Muna ciki Tahira ta kira, ya ce mata ta ɗan jira.

Da na kai koko na ce ya tambaye ta ya mai jiki, na ji jaririn na tari shekaranjiya. Don jaririn ne kawai.

Sababbin feji sun shigo tun jiya. Ban buɗe ba tukuna.