Takardar Radostina

Litinin, 11 ga Maris

Wata Boryana ta zo daga birnin Sofiya da tambayoyi kan lafiyar matasa: ci, barci, sigari, damuwa. Ajina za a raba biyu, rabi takarda, rabi kwamfuta, don a ga inda yara suka fi faɗin gaskiya. Na ce mata takarda mana. A ɗakin kwamfutarmu kowa na leƙen na kusa da shi. Ta yi murmushi irin na 'yan birni. Na tsaya gaban aji na yi alkawari: babu suna, babu mai gani. 'Yata Radostina tana layi na uku, tana jina.

Laraba, 13 ga Maris

An yi. Ambulan ba su isa ba, takardu biyar suka zo hannuna a buɗe.

Ban yi niyyar dubawa ba. To amma shekara ashirin ina gyaran littattafai, kuma ni na koya wa yarinyar nan riƙe biro. Yadda take rubuta bakwai kaɗai ya ishe ni.

Nauyi: 47, an soke, an sa 41. Tsallake abinci: kullum. Akwai babba a gida da kike iya gaya wa damuwarki? Babu.

Alhamis, 14 ga Maris

Radostina ta ce ta ci banitsa, burodin nan mai cuku, a makaranta. Na ce to. Na zuba miyar wake, ta yi ta juya cokali. Tun yaushe take sa rigunan sanyi biyu? Ni ina ina?

Tsoro nake ji. In na yi magana, ta san na karya alkawari. In na yi shiru...

Juma'a, 15 ga Maris

Na tambayi Boryana a kaikaice. Ta ce ai amfanin kwamfuta ke nan, Malama Tsvetana, ba ta san rubutun kowa ba. Haushi ya kama ni, don ta yi gaskiya.

Lahadi, 17 ga Maris

Na gaya wa Radostina, muna shanya kaya. Na ce na gani, na yi laifi, ta yafe min. Na shirya wa faɗa da bugun ƙofa. Ba ta ko juyo ba, tana matse tawul.

"Mama, ai a rukunin kwamfuta aka sa ni. Ni na roƙi a canza min."

Talata, 19 ga Maris

Gobe ƙarfe tara za mu ga likita.

Boryana ta aiko wa malamai tasu tambayar: baɗi takarda ko kwamfuta? Tana cikin jakata, ban cike ba.

Yau ban kawo littattafan gyara teburin abinci ba. Mantuwa ce kawai, ina jin. Radostina ta ci rabin faranti, ta yi ta ba ni labarin wata ƙawarta har miyar ta huce. Ban gyara mata ko kalma ɗaya ba.