Kar Ki Kunna Kwamfutar

Yaya,

Don girman Allah kar ki kunna kwamfutar. Da gangan na cire ta daga wuta.

Bayan kin fita aiki na zauna gwajin kompailar ofishinmu, manhajar nan mai juya rubutunmu zuwa yaren na'ura. Gwajin ya bar tarkacen fayilolin wucin-gadi har wuri ya cika. Na ba da umarnin sharewa, ashe foldarki na zaɓa. Muryoyin marigayi Baba da kika ɗauka a asibiti duk sun tafi.

Mai gyara ya ce muddin ba a ajiye komai a kanta ba, za su iya dawowa. Na tafi ɗauko shi.

Ki yafe mini. Wallahi ni ko sau ɗaya ban samu ƙarfin zuciyar sauraronsu ba tukuna.

Ƙanwarki