Ƙarfen Motar Marigayi Ummaru a Gaban Motar Babanmu

Gwaggo Adama, don Allah ki taimake ni, ban san wanda zan faɗa wa ba. Bara na gama firamare, ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba, in kin ga kuskure ki yi haƙuri. Ko Inna ba ta san na rubuto ba.

Babanmu yana da mota Landiroba, tsohuwa ce, ya saye ta a hannun Turawan mishan da za su tafi gida. Da ita yake ɗaukar mutane da buhuna daga Gozaki zuwa Kafur da Malumfashi. Ranar kasuwa nakan bi shi in sayar wa Inna daddawa, kuma a gaba nake zama, shi ya sa na san abin da zan faɗa.

Da daminar bana sifirin ɗin gaba na hagu ya karye, wato ƙarafan nan masu faɗi da aka jera bisa juna, waɗanda motar ke zaune a kansu. Baba ya je Funtua neman sabo, ya dawo hannu wofi. Ya ce ƙarfen yanzu gwangwani ne, tsohon ƙarfen Turai ya fi. Sai Malam Shitu bakanike ya ce akwai mota irin tamu a yashe bayan garejinsa. Ta marigayi Ummaru ce, direban da ya faɗa kwalbatin da ke tsakanin Kafur da Malumfashi shekara biyu da suka wuce, ya rasu nan take. Aka kwance sifirin ɗinta na hagu da shokazoba, abin da ke hana mota tsalle.

Sifirin ɗin a lanƙwashe yake. Baba ya kai wa Mudi maƙeri, mai yi mana galma da fartanya, ya sa shi a wuta sai da ya yi ja, ya buge shi ya miƙe. Ina wurin, na kai wa Baba fura. Da Mudi ya tsoma shi a ruwa, Gwaggo, na ji kamar mutum ya yi ajiyar zuciya. Kowa dariyarsa yake yi, ni kaɗai tsigar jikina ta tashi.

Tun ranar da aka ɗaura shi motar ta canza hali. Muna tafiya lafiya da rana tsaka, amma da mun gangaro kwalbatin nan sai in ji ana ƙwanƙwasawa ƙarƙashin ƙafata, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar baƙo a bakin ƙofa. Sai sitiyari ya ja hagu, daidai gefen da marigayin ya faɗa. Ina ganin jijiyoyin hannun Baba suna tashi yana danne shi. Sai ya fara rera waƙar sujada a maƙogwaro har mu wuce. A wasu wuraren ma tana ɗan ja, amma ba kamar nan ba.

Ba shi ke nan ba. Karenmu tun yana ƙarami a ƙarƙashin gaban motar yake kwana da rana, yanzu ko kusa ba ya zuwa. In an ajiye ta a ƙofar gida sai ta karkata hagu kamar raƙumi zai durƙusa. Sannan Hansai, matar marigayin, tana suyar ƙosai a tashar Kafur. Rannan da muka tsaya ta ƙura wa gaban motar ido ta daɗe, sai ta sauke kaskonta ta juya baya, ba ta waiwayo ba har muka tashi.

Abin da ya sa na kasa cin abinci shi ne, Asabar ɗin ƙarshen wata Baba zai kai matan zumunta na ikilisiyarmu taro Funtua. Su goma sha ɗaya ne, har da Inna da yayata Rahab mai tsohon ciki, kuma ta kwalbatin nan za su bi. Ni ban taɓa kallon Baba ido cikin ido ba, balle in ce masa ya yi kuskure. Dattijon ikilisiya ne, in na ambaci fatalwa ransa zai ɓaci. Har na yi tunanin in jefa makullin motar cikin rumbu. Gwaggo, marigayin ne ke neman ƙarfensa? Me zan yi?

Yarinya mai zama a gaba, Gozaki

Ɗiyata, ki bar makulli inda yake. Na sa an buga wasiƙarki a wannan makon saboda kwanakin sun matso, kuma kafin in amsa sai da na kai ta wa wani tsohon bakanike a nan Zariya, wanda ya tsufa a kan irin motar nan. Da aka karanta masa wurin wutar Mudi, sai ya dafe kai.

Babanki yana da gaskiyarsa. Kayan gyara sun yi wuya bana, jabu sun cika kasuwa, kuma tsohon ƙarfen yana da kyau. Amma ya yi kuskure uku. Ya ɗauko kayan gaba daga motar da ta daki ƙasa da gaba. Ya canza gefe ɗaya ya bar ɗaya. Mafi muni, ya sa sifirin a wutar maƙera. Wutar da ke gyara galma kashe sifirin take yi: wani wuri ya yi laushi ya zauna, wani ya yi gautsi, wata rana ya ɓalle ba gargaɗi.

Shi ya sa motar ta karkata. A gangara direba na taka birki, nauyi ya koma gaba, gefen da ya mutu ya nutse, sitiyari ya bi shi. Ƙwanƙwasar kuwa robar da ke bakin sifirin ce ta cinye, ƙarfe na dukan ƙarfe. Karen wataƙila man da ke ɗiga daga tsohuwar shokazoba ne ya kore shi. Hansai kuma mota irin ta mijinta ta gani, ai dole ta juya baya. Zancen matattu Allah ne masani, ba zan ce na sani ba. Amma tsohon ya yi wata tambaya da ta tsaya mini a rai: wa ya tabbatar faɗuwar ce ta lanƙwasa ƙarfen nan, ba shi ne ya fara gazawa ya kai Ummaru cikin kwalbati ba?

Ga abin da za a saya. Sifirin biyu, hagu da dama, ganyensu, wato ƙarafan da aka jera, adadi ɗaya, a shagon da aka sani, ko da sai an je Zariya ko Kano. A duba hatimin kamfani a jikin ƙarfen, a kankare fenti kaɗan, don ana shafe tsoho a ce sabo ne. Shokazoba ma biyu, a ja su da hannu: mai kyau tana turjewa, ba ta tsiyayar mai. A sa sabbin robobi, a duba sandar da ke haɗa sitiyari da tayoyi. In ba a samu kafin Asabar ba, matan su hau wata motar.

Yadda za ki gaya masa kuwa, ba sai kin ɗaga ido ba. Ki samo kara biyu. Motar na tsaye a wuri mai daidai, ki auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman tayar gaba, hagu da dama, ki karya kowane kara daidai tsawonsa, za ki ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ki fara nuna wa Inna, ku ajiye masa su tare da wannan shafi kusa da kwanon tuwonsa. Mutumin da ke rera waƙa a bakin kwalbati ya riga ya san akwai matsala, wanda zai fara faɗa yake jira.

Tsohon sifirin kuma a mayar wa Mudi ya ƙera fartanya da shi, can ne kawai wutarsa za ta amfane shi. Allah ya kai su Inna Funtua ya dawo da su, ya sauki Rahab lafiya, ke kuma ki ci abinci.

Gwaggo Adama