Ba Kan Inna Ne Ya Taɓu Ba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna?

Shekara shida ke nan rabona da gida, ban taɓa jin nisan ba kamar ranar da saƙonki ya iso. Kin ce Inna ta buɗe littafin da na aiko, ta juya shi sama da ƙasa, ta rufe, ta ce shi ke nan kanta ya tafi, tunda ta kasa karanta rubutun mijinta. Kin ce ko abinci sai an lallaɓa ta. Don Allah ki zauna kusa da ita ki karanta mata wannan a hankali. Kanta lafiya lau. Abin da ke cikin littafin nan ba rubutun Baba ba ne.

Kin san haruffa arba'in da huɗun da Baba ya ƙirƙira a bayan shagonsa, ya koya mata ita kaɗai, suka yi ta rubuta wa juna muna yi musu dariya. Da takardun suka fara ruɓewa na zana haruffan a kwamfuta, na kwafe komai. To ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Akwai wasu lambobi da aka bari fili, ba mai su, kowa ya ƙirƙiro rubutunsa sai ya yada zango a can. Nan na zaunar da haruffan Baba.

Ashe wani mai gemu da ke kawo aiki maɗaba'ar da nake ya zaunar da nasa a kan lambobin nan dai. Rubutun dodanni ne na wasan waya. Injin bugu kuwa haruffan mutumin nan ya sani, sai ya sa wa maganar Baba rigar dodanni. Ni ina wajen yankan takarda, aka ɗinke littafin aka aika ban gani ba. Abin da ya fi ci mini rai, haruffansa talatin ne. Sauran sha huɗun injin ya ɗauka datti ne, ya share, aka adana fayil ɗin a haka a kan na asali. Takardun Baba kuwa tuni suka gama ruɓewa.

Na je wa mutumin da zafi, na dawo jiki a sanyaye. Bai cuce ni ba. Ya ba ni kujera, ya nuna mini ya riga ni da shekara biyu, har akwai masu tsara wa mutane wuri don kada a yi karo, sunansa na cikin rajistarsu. Na rubuta musu. Suka amsa cikin ladabi, suna tambaya mutum nawa ke amfani da namu. Nasa dubban yara ne. Na zauna gaban tambayar nan har shayina ya huce, sannan na rubuta: mutum ɗaya. Suka ce in matsa gaba, akwai fili. Ko a inda ba mai shi, Yaya, mu ne masu tashi.

Na matsa. Kullum in an tashi aiki ina zama kusa da injin ina cike gurabe. Inda aka share harafi ɗaya ina iya cankewa. Inda Baba ya shiga zolayarta da sunayen da su biyu kaɗai suka sani, nan nake tsayawa. Ki ce mata ba lallashi nake ba, aiki ne ya tsaya, kuma duk duniya ba mai iya ƙarasa shi sai ita. Na sa shafi uku na gaskiya cikin ambulan ɗin nan, da manyan baƙi. Ki miƙa mata, kada ki ce komai, ki kalli bakinta.

Cikin shafi ɗari da casa'in, sittin da biyu na ceto. Sauran suna kanta.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta