Ɓarayin intanet sun tona asirin aminiyata, ni take zargi

Assalamu alaikum Malama Hikima. Ki gafarce ni da zan ɗora miki damuwata a kan tarin wasiƙun da ke gabanki, na san akwai waɗanda suka fi ni matsuwa. Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Ba ni da wanda zan faɗa wa a unguwarmu, don kowa ya san kowa. Sunayen da zan ambata duk na aro ne.

Ni haifaffiyar Jidda ce, kakanninmu suka zo aikin hajji suka zauna. Karatun allo na yi, boko ɗan kaɗan, kwamfuta kuwa da girmana na koye ta a bakin aiki. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Waziriyya, nan Jidda. Ni ke karɓar marasa lafiya, ni ke neman muwafaƙa daga kamfanonin inshora, wato amincewarsu kafin a yi wa mutum gwaji ko magani mai tsada, kuma ni ke tura wa mutane saƙon tuni a waya. Matanmu sun fi sakin jiki da asibitin saboda ina wurin. Abin da mace ba za ta iya faɗa wa likita da Larabci ba, sai ta raɗa mini da Hausa, ni in san yadda zan isar.

Ina da aminiya, Mansura, tare muka yi sauka. Kwanakin baya ta ji ƙulli a ƙirjinta, likitanmu ya ce sai an ɗebi tsoka an gwada. Ta riƙe hannuna ta ce kada kowa ya ji sai bayan bikin 'yarta. Inshorarta a ƙarƙashin ɗanta Mus'ab take, kuma lambarsa ce a fayil ɗinta. Haka yawancin matanmu suke yi, lambar miji ko ta ɗa suke bayarwa, don ba su damu da karanta saƙo ba. Saboda haka na kashe mata saƙon tuni gaba ɗaya. Duk abin da ya taso sai in faɗa mata baki da baki in mun haɗu wurin tilawa bayan la'asar.

Muna jiran muwafaƙarta, wata safiya muka zo aiki komai ya tsaya cik. Ashe ɓarayin intanet ne suka shiga kamfanin da ke haɗa mu da masu inshora, suka kulle aiki, suka kwashe bayanan marasa lafiya, har da namu. Muka koma biro da takarda. Likitanmu, Dakta Abdulghaffar, mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba. Masu ciwon suga da hawan jini bai kori ko ɗaya ba duk da babu muwafaƙa, ya ce a duba su, lissafi ya biyo baya. Amma ya tsorata ƙwarai. Ya tara mu ya ce in maganar ta fita mutane za su watse, masu inshora su janye, shi ke nan, asibiti ya rufe. Ya roƙe mu mu yi shiru har kamfanin can ya gama bincike. Na yi masa alkawari, Malama, har wallahi sai da na ce.

Ba a yi nisa ba saƙo ya shiga wayar Mus'ab da sunan asibitinmu, da tambarinmu, wai daga teburin karɓar baƙi. An rubuta cikakken sunan mahaifiyarsa da irin gwajin da za a yi mata, aka ce inshora ta ƙi, ya latsa nan ya biya kafin ciwo ya bazu. Bai biya ba, gida ya nufa. Ya tarar ana shirya kayan amarya, dangin ango na zaune, ya durƙusa gaban uwarsa yana kuka yana tambayarta me ya sa ta ɓoye masa. Kowa ya ji.

Mansura ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Aiko mini ta yi da Alƙur'anina da ya daɗe a ɗakinta, tare da cewa ta gode. Na je gidan, aka ce tana barci, alhali ina jin muryarta. Ta waya na rantse mata ba ni na tura ba, ta tambaye ni to wa ke tura saƙo a asibitin in ba ni ba. Na yi shiru, don amsar tana cikin abin da na yi alkawarin rufewa. Shirun nan ya gama tabbatar mata. A wurin tilawa yanzu in na zauna sai a ɗan gyara zama.

Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne aiki ya fara dawowa, muwafaƙarta ta fito, amma ta ce ba za ta ƙara taka asibitin ba muddin ina ciki. In kuma ta koma wani wuri, sai an sake komai daga farko. Ƙullin nan ba jira yake yi ba. Na yi istihara, zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba. In na faɗa mata gaskiya na karya rantsuwa, kuma labari zai zaga Waziriyya kafin magariba, in zama sanadin rufe wa mutane abincinsu. Wani lokaci sai in ce gara in ajiye aikin kawai, ta samu ta je, zargin ya zauna a kaina. Ko hakan ne daidai? Don Allah ki ba ni amsa da wuri, gwajin nata ba zai jira ni ba.

'Yar'uwarki, daga Waziriyya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Babu wani ɗora damuwa, don irin wannan aka buɗe filin.

Kada ki ajiye aikinki. In kika tafi, Mansura za ta ɗauka kin amsa laifi, sauran matan da ke raɗa miki ciwonsu su rasa mai jinsu, ɓarayin kuma su ci gaba da tura saƙo. Babu wanda tafiyarki za ta amfana.

Ban ga laifin Mansura ba. Mace ce mai tsoron abin da gwaji zai nuna, aka fasa mata sirri gaban surukai, kuma duk abin da idonta ya gani ke yake nunawa. Fushi da ke ya fi mata sauƙi a kan tunanin ƙullin, wataƙila ma ya zame mata hujjar guje wa gwajin. Likita ma ban ɗauke shi mugu ba, mutum ne da ya ga aikin shekarunsa na girgiza. Sai dai shirun da ya nema ba hakkinsa ba ne shi kaɗai. Bayanan da aka sace na marasa lafiya ne, kuma dokar kare bayanan jama'a a ƙasar da kike ta ɗora wa masu riƙe da su sanar da hukuma da mutanen da abin zai cutar. Yau Mus'ab ne, gobe mijin wata ne zai karanta abin da bai kamata ya sani ta waya ba, ko wani tsoho ya latsa a kwashe masa abin da ya tara.

Gobe ki sami likita shi kaɗai, kafin layi ya taru. Ki ba shi labarin nan kamar yadda kika ba ni. Ki roƙe shi ya kira Mansura da bakinsa a ranar, ya gaya mata daga ina saƙon ya fito, ya kuma warware miki alkawarin. Ki tuna masa cewa gara mutane su ji daga wurinsa da su ji daga wurin ɓarayi. Asibitin da ya ce an yi mana sata, ku yi hattara, ana iya yafe masa. Wanda aka gano ya ɓoye, da wuya. Ki ba shi shawarar sanarwa gajera ga kowa: asibiti ba ya neman kuɗi ta saƙo, kada a latsa komai, a kira a tabbatar. Daga yanzu kuma kowace mace ta zo, ki tambaye ta a keɓe lambar wa take so a rubuta.

In ya ƙi, ki gaya masa ido da ido cewa za ki faɗa wa Mansura, don kada ya zama kin zagaya ta bayansa. Maganar rantsuwa kin fi ni sani, malamai sun yi bayanin mafita da kaffara ga rantsuwar da cika ta zai cutar da wani. Ki tambayi malamin da kika amince da shi ba tare da ambaton suna ba.

Kafin duk wannan, yau ki kira Mus'ab. Ya riga ya san ciwon, ba sirri za ki fasa ba. Ki ce masa muwafaƙa ta fito, ya kawo mahaifiyarsa, ke kuma za ki nemi wata ta zauna a teburinki ranar, ba sai ta ga fuskarki ba. Zai yi miki ciwo, na sani. Amma wanke sunanki zai iya jira har bayan biki, gwajin ne ba zai jira ba. Kuma ko gaskiya ta fito, kada ki sa ran za ta rungume ki nan take, kunya za ta riƙe ta. Ki sauƙaƙa mata, ki je gaisuwa kamar yadda kika saba, kada ki jira ban haƙuri.

Allah ya sa gwajin ya fito da alheri, ya ba Mansura lafiya, ya sanya albarka a auren 'yarta. Ke kuma Allah ya sanyaya miki zuciya. Ki ɗauki waya ki kira yaron nan kafin ki yi komai.

Malama Hikima