Abin da Ya Dawo da Ni daga Dutsen Ƙanƙara

Ainu Shams, Alƙahira

Zuwa ga yayana Amjad,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Fauziyya da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya sa zaman Jidda ya ci gaba da yi maka albarka. Mu nan alhamdu lillahi. Umma ta samu sauƙi, sukarin ya sauka tun da aka canja mata magani, har ta koma zuwa kasuwa da ƙafarta, tana ciniki da Misirawa da Larabcinta na garinmu Wad Madani suna dariya tana dariya. Ƙanwarmu Isra'a ta shiga jarrabawa, kullum kanta cikin littafi. Kawu Ayuba ne zai kawo maka wannan takarda in ya zo Umra. Na zaɓi rubutu ne saboda ranar da muka yi waya ranka a ɓace yake, ni kuma kuka ya hana ni magana, aka rabu ba wanda ya ji ɗan'uwansa.

Yaya, ka ce ba ka taɓa ganin wauta irin tawa ba. Ka ce mutane na shiga teku suna mutuwa don su taka ƙasar Turai, ni Allah Ya kai ni da biza a cikin jirgi, na tattara kayana na dawo ɗaki biyu a Ainu Shams. Ban ji haushinka ba, na san tausayinmu ne. Amma gani ya kori ji, bari in ba ka labarin yadda abin ya kasance.

Ka san aikina a filin wasan zamiya kan ƙanƙarar nan da ke cikin babbar kasuwar zamani a can bayan Giza. Da farko takalma kawai nake miƙa wa mutane ina ɗaure musu. Kaftin Eman, shugabar masu koyarwa, ita ta lura cewa mata masu lulluɓi da yawa suna kawo 'ya'yansu su tsaya a gefe, suna sha'awa amma ba sa son namiji ya riƙe musu hannu. Ita ta ɗora ni a kan allunan zamiya, na yi ta faɗuwa har na iya, na fara taimaka mata da ɗalibai. To amma ba a ba mutum aji nasa sai da shaidar ƙwarewa, ita kuma sai a kan dutse na gaskiya ake samunta. Shi ya sa bayan ƙaramar Sallah ta tafi da mu Ostiriya, duwatsun Alps. Ni kaɗai ce mai fasfon Sudan a tawagar, kuma ba a ba ni biza ba sai da ta sa hannu da sunanta cewa zan dawo.

Ƙauyen da muka sauka ƙarami ne, a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi. Mutanensa da ƙanƙara suke ci suke sha, kamar yadda manomanmu na yankin Jazira a Sudan ke rayuwa da ruwan rafi. Mun je a ƙarshen kakar wasansu, lokacin da sanyi ke janyewa. A ƙasa ciyawa ta fara leƙowa, ruwa na gudu a gefen hanya, amma in ka hau kujerar nan da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe ta kai ka sama, fari fat iya ganinka. Rana kuwa tana da kaifi, har fuskata ta yi sabon baƙi, sai zagayen tabarau ya rage. Turawa na zamiya da riga mai gajeren hannu, da azahar su baje a kujeru suna shan rana kamar ƙadangaru. Masu aikin otal da masu gyaran hanya kuwa daga ƙasashe daban-daban suke, kowa na maganar inda zai nufa in an rufe: wani bakin teku, wani gonar inabi, wani gida.

Abin da ban sani ba, kuma ba wanda zai iya koya mini a Alƙahira, shi ne ƙanƙarar dutse ba ta da fuska ɗaya. Tamu ta inji ce, yadda ka bar ta jiya haka za ka same ta yau. Tasu da safe tauri gare ta kamar daɓen siminti, alluna na ƙara a kanta. Da hantsi sai ta yi laushi, ta yi daɗi, ka ji kamar kana yawo a kan man shanu. Da rana ta take kuwa sai ta jiƙe ta yi nauyi kamar kunun da ya kwana, ta riƙe maka ƙafa, ta taru tuli-tuli inda mutane suka bi. Jarrabawar koyarwa na ci, har mai gwajin ya yaba yadda na lallashi wata yarinya mai tsoro. Amma gwajin gangarowa ya faɗo mini da rana tsaka. A lanƙwasa ta uku allona na dama ya nutse, jikina ya wuce ya bar ƙafata, na yi ta mirginawa har sandunana suka watse. Na tashi na ci gaba, na sake faɗuwa. Mai gwajin, wani dattijo mai farin gemu, ya gaya wa Kaftin Eman cewa ina da hankali da ƙarfin zuciya, amma ƙafafuna ƙanƙara iri ɗaya kawai suka sani. Ya ce in dawo baɗi in sake wannan ɓangaren kaɗai. Ban ci ba, Yaya. Ba zan yi maka kwana-kwana ba.

A ranar ne na haɗu da Mazin. Ina bayan otal ina waya da Umma ina share hawaye, sai wani mutum da rigar kicin ya tsaya ya yi mini sannu da Hausa. Ɗan garin Mai Wurno ne na can Sudan, ya daɗe a can yana wanke tukwane. Ya yi mini kirki matuƙa, ya kawo mini shayi da kanumfari irin na gida. Shi ma abin da ka faɗa ya faɗa. Ya ce kada in yi gangancin komawa, in bari ranar tafiya in sulale, shi zai raka ni tashar jirgin ƙasa, ya haɗa ni da mutanen da za su nuna mini inda ake neman mafaka. Na tambaye shi labarin gida. Ya ce yana da 'ya da aka haifa bayan tahowarsa, yanzu ta shiga makaranta, a waya kawai ta san shi, don takardunsa ba su ba shi damar fita ya dawo ba. Na tambaye shi ko ya taɓa hawa dutsen. Ya yi dariya ya ce ta tagar kicin yake ganinsa, wannan wasan masu hutu ne.

Wallahi na yi tunanin maganarsa, ban raina ta ba. Ranar rufe kaka, ƙauyen ya cika da kiɗa, samari na sa kayan ban dariya suna gangarowa da gudu su tsallake wani tafki da aka haƙa, rabinsu na faɗawa cikin ruwan sanyi ana sowa. Ni kuwa na hau sama ni kaɗai, na zauna ina kallon kwarin. Na tuna Kaftin Eman da ta jingina sunanta da aikinta a kaina. Alkawari kaya ne. Na tuna akwai 'yan matan Sudan biyu da ta fara koya wa a bayana. In na gudu, na rufe musu ƙofa da hannuna, don da na gaba ake gane zurfin ruwa. Na tuna Umma da allurarta ta safe. Sannan na tambayi kaina abin da nake so tsakani da Allah. Mun riga mun yi gudu sau ɗaya daga Madani lokacin yaƙi, ba da son ranmu ba, da abin da ke jikinmu. Ba na son in sake zama mai gudu. Ina son in shiga ƙasar nan ta ƙofa, in fita ta ƙofa, da sana'a a hannuna. Da na gama wannan tunani na ɗaura alluna na gangaro cikin wannan jiƙaƙƙiyar ƙanƙarar, a hankali, ba mai kallo ba mai ba da maki. Sau ɗaya na faɗi. Washegari da muka fito, an fara naɗe tutoci, ana rufe tagogin otal da katako, wani manomi na gyara shingen wurin da shanunsa za su hau kiwo, inda muka yi zamiya. Mazin ya ɗauko mini jakata har mota, ya ce Allah Ya sa ni ce mai gaskiya.

Yanzu ga halin da nake ciki. Kaftin Eman ta roƙa mini izini ina shiga fili bayan an tashi, lokacin da ƙafafun mutane suka tattake ƙanƙarar ta yi tuli, kafin inji ya daidaita ta. A nan nake gwaji. Kullum bayan asuba ina hawa benenmu har rufi ina sauka don ƙafafuna su yi ƙarfi, har matar bawwab, mai gadin gidan, ta tambayi Umma ko aljanu ne suka taɓa ni. Umma ta ce mata e, aljanun dutse ne, kuma ba ta neman magani. Sannu ba ta hana zuwa. Baɗi in Allah Ya kai mu zan koma, zan ci, kuma zan sake dawowa.

Ba izinin dainawa nake nema ba, Yaya, albarkarka nake nema, don tun rasuwar Abba kai ne ubanmu. In ka zo hutu zan kai ka filin da kaina, in ɗaure maka takalma, in ɗora ka a kan alluna. Za ka faɗi, babu makawa, gaban yaranka kuwa. Ni zan miƙa maka hannu in tashe ka.

Ka gaida Anti Fauziyya da kyau, ka shafa mini kan Husaini da Rim. Umma na sa muku albarka, ta ce a turo mata dabinon Madina ta hannun Kawu Ayuba. Isra'a na gaisuwa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Rawan